Shin ana ɗaukar ciwon daji daga majinyaci?

Tambaya: Likita, mahaifiyata na fama da sankarar mama a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Matan gida sun ware mata kwano da moɗa, sun hana jikoki shiga ɗakinta. Da gaske ana ɗauka?

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya. 'Yar'uwa, ba a ɗaukar ciwon daji. Ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu ke lalacewa su yi ta hayayyafa ba tsari. Ku ci tuwo a kwano ɗaya, jikoki su hau cinyarta. Wariyar nan ƙara mata ciwo take yi. Idan wurin ya fashe, mai wanke shi ta sa safar hannu, ta kuma wanke hannu da sabulu, don kada miki ya harbu.

Abin da ake ɗauka shi ne wasu ƙwayoyin cuta da ke share wa sankara hanya bayan shekaru. Wanda ya fi damuna a karkara shi ne ciwon hanta nau'in B. Ta jini yake bi: askar wanzami ɗaya da aka yi wa yara biyar kaciya da ita, reza, ƙaho, allurar da aka maimaita, ko daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 za su zauna da cutar har girma ba wata alama, ga kuma gyaɗa ko masara mai fumfuna na ƙara illata hantar. Shi ya sa ake son a yi wa jariri rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, kada a jira suna. Sauran alluran a sati 6, 10 da 14.

Sankarar bakin mahaifa kuwa ƙwayar HPV ce ke jawo ta, ta hanyar saduwa, yawanci bayan shekara 15 zuwa 20. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a Kano da Jigawa, allura ɗaya tak.

Sai tsargiya. Yaron da ke wanka a kududdufi ko magudanar noman rani yana fitsarin jini, a kai shi asibiti a ba shi maganin praziquantel. Idan aka bar ta shekara da shekaru, tana iya kai mafitsara ga sankara.