Amsar Kawu Kan Tsofaffin Ƙarafan Kasuwar Marwa

Habu ɗana, saƙonka ya iso, hotunan ma na gani. Ka ce ka sayi gatari da zarto da awartaki a hannun 'yan gwangwan a Marwa, mai sayarwa ya rantse maka duk na zamanin Jamus ne. Kana son sanin asalinsu, kuma kana mamakin yadda mahaifiyarka ta hana ka shiga gida da awartakin sai an ji daga inda ya fito. To, gyara zama.

Batun Jamus tukuna. A kasuwanninmu duk ƙarfen da ya yi nauyi ya yi tsatsa, sunansa "na Jamus". Jamusawa sun kama Garwa ta arewacin Kamaru a 1901, kuma a 1916 aka fitar da na ƙarshensu daga dutsen Mora. Shekara goma sha biyar ke nan, guduma nawa suka bari da har yau ba ta ƙare ba? In ka ga an buga West Germany a jikin ƙarfe, ƙirar bayan 1949 ce, Faransa ke mulkinmu a lokacin.

Zarton naka kuwa ya faɗi sunansa da bakinsa. Na ƙura wa hoton ido, abin da ke kusa da mariƙin zaki ne tsaye a kan kibiya. Tambarin Peugeot ke nan, Fijo ɗin da ka sani. Tun kafin su ƙera mota zarto suke yi, zakin ma a 1858 suka yi masa rajista. Wasu kayansu jinjirin wata ne a jiki, har na taɓa jin wani dillali yana cewa daga Santambul aka kawo su, na yi dariya na wuce. In hoton kada ka gani a jikin adda, ta Martindale ce daga Ingila. Irin waɗannan kaya da yawa ta Binuwai suka shigo, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Garwa da damina su sauke haja su ɗebi gyaɗa da auduga. Kada ka kai zarton wurin mai injin wasa wuƙa, zai cinye tambarin. Ka jiƙa wurin da kananzir ya kwana, ka goge da tsumma, ka murza alli a kai, rubutun zai fito fari tas.

Gatarin ne ya fi ɗaukar hankalina, don wannan namu ne. Dubi yadda aka haɗa shi. Gatarin Bature rami ne a jikin ƙarfen, itace ke shiga ciki. Namu ƙarfen ne ke da wutsiya, a sa ta a wuta ta yi ja, a huda kan ƙota da ita. Sauran aiki shi ne ka gane ƙarfen tama ne ko na mota. Maƙeran duwatsun Mandara, irin Mafa na wajen Mokolo, baƙin yashi suke tarawa a rafi bayan ruwa ya wuce, su narka shi da gawayi, yini guda ana zuga. Ƙarfen da ya fito nan, in tsatsa ta ci shi, za ka ga zane-zane a jikinsa kamar jijiyar itace, da layin da aka haɗa guntaye aka dake. Da sifirin mota ya wadata aka bar wannan wahala. Shi na mota sumul yake, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara siririya mai tsawo, magagari kuma da ƙyar yake kama shi. Gwada ka gaya mini.

Maganar awartaki kuwa, ƙanwata ta yi daidai, ba camfi ba ne. Ƙira gado ce. Uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi ba a saba kai su kasuwa ba, daga uba sai ɗa, in babu ɗa sai ɗan'uwa ko almajirin da ya tashi a maƙerar. Saboda haka in ka ga awartaki a shimfiɗe a ƙasa ana ciniki, ɗayan uku ne: gidan ya ƙare, ko yunwa ta shiga, ko wani ya ɗauka ba da sanin magada ba. Ni na taɓa ƙonewa. Ina saurayi na sayi masaba da arha a Garwa, ƙotarta ta yi baƙi sul, har da lotsawar babban yatsan mai ita. Kwana huɗu sai ga aike daga Sarkin Maƙera. Ashe wani yaro ne ya zare ta daga kayan mahaifinsa tun ba a yi sadakar arba'in ba. Tsohon bai ko duba ƙarfen ba, ƙotar ya shafa ya ambaci sunan mamacin. Na mayar, kuɗina kuma har yau.

Ka ɗauki awartakin da goro ka je wurin dattawan maƙeran Marwa. Kowane gida da yadda yake lanƙwasa baki da dake ƙusar tsakiya, su sun san hannun juna. In suka ce gidan ya ƙare, ka yi wa mai shi addu'a ka riƙe abinka. Gatarin kuma ka taho mini da shi da Babbar Sallah, ina so in ji nauyinsa a hannuna. Ka gaida mahaifiyarka.