Wane nau'in GNU/Linux ya dace da mai kishin 'yantacciyar manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in bar Windows in koma 'yantacciyar manhaja, wadda mutum ke da damar amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Cikin nau'o'in GNU/Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta da ke maye gurbin Windows, wasu sun ce in ɗora Ubuntu, wasu sun ce sai Trisquel. Laftop ɗina ta ɗan kwana biyu. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka tsayar da suna, fara leƙa kayan da ke cikin laftop ɗin, domin su ne za su yanke rabin hukuncin, musamman katin Wi-Fi da katin hoto.

Ga dalili. Katuna da yawa ba sa aiki sai an loda musu wata 'yar manhaja duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wadda ake kira famwaya. Galibin kamfanoni ba sa sakin asalin rubutunta, don haka babu mai iya dubawa balle ya gyara. A nan ne aka rabu. Gidauniyar FSF mai fafutukar 'yantacciyar manhaja, wadda Richard Stallman ya kafa a 1985, ba ta amincewa da duk nau'in da ke ɗauke da irin wannan famwaya ko yake nuna wa mutum hanyar samunta. Cikin waɗanda ta amince da su akwai Trisquel, Parabola, PureOS da Guix System. Yawancinsu suna amfani da Linux-libre, wato zuciyar tsarin da aka tace, aka hana ta loda rufaffiyar famwaya. Ubuntu da Fedora suna zuwa da famwayar, shi ya sa ba sa cikin jerin. Debian kuwa ta cire ta daga zuciyar tsarinta tun fitowar Debian 6 a 2011, amma bayan ƙuri'ar da masu haɗa ta suka kaɗa a 2022, Debian 12 ta 2023 ta fara zuwa da ita a faifan girkawa, a wani sashe na daban mai suna non-free-firmware.

Abin yi shi ne gwaji, kuma ba sai ka goge komai ba. Sauko da Trisquel, ka tabbatar lambar SHA256 ɗinta, wato lambar tantance cewa fayil ɗin bai gurɓata ba, ta dace da wadda masu Trisquel suka wallafa, ka rubuta ta a filashi mai 8GB, ka tayar da laftop daga filashin. Duba Wi-Fi, sauti, Bluetooth, kyamara, hasken allo, sannan ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci -nnk, sai lsusb, za ka ga sunan kowane kati da lambarsa. Kai lambobin shafin h-node, mai jera kayan da ke aiki da 'yantacciyar manhaja, ka ga abin da aka sani a kansu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne Wi-Fi. Katunan Intel da yawancin na Broadcom da Realtek suna buƙatar rufaffiyar famwaya; a Trisquel za ka ga katin a lspci amma babu hanyar sadarwa ko ɗaya a jeri. Katunan Atheros masu aiki da manhajar sarrafa kati ta ath9k ba su da wannan matsala. Mafita mafi sauƙi ita ce 'yar na'urar Wi-Fi ta USB mai guntun AR9271, wadda famwayarta a buɗe take. Sai dai ka sani iyakarta 2.4GHz, ba za ta ga 5GHz ba. Ana iya sauya katin ciki ma, amma wasu laftop na Lenovo da HP suna da jerin katunan da BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya yarda da su, in ka sa baƙo sai ta ƙi tashi. Ta fuskar hoto, katunan AMD suna rasa saurinsu in babu famwaya, wasu ma allon ba ya fita daidai. Na Intel na tsofaffin laftop sun fi lafiya.

In komai ya yi aiki, ɗora Trisquel. A kan Ubuntu mai dogon tallafi aka gina ta, tana zuwa da teburin MATE mara nauyi, kuma sabon shiga ba zai sha wuya ba. Parabola daga wani nau'i mai suna Arch ta fito, tana son mai haƙurin tamina. Guix System tana da kyau ƙwarai, amma da yaren rubuta manhaja na Scheme ake tsara ta, ban ba ka shawarar farawa da ita ba.

In kuwa Wi-Fi ko hoto sun ƙi, kuma ba ka da halin sauya kati yanzu, ɗauki Debian, ba Ubuntu ba. A ganina wannan ya fi komawa Windows nesa ba kusa ba, domin Debian ta ware rufaffen kaya gefe guda, kana ganin abin da ka karɓa da idonka. Bar sassan contrib da non-free, masu rufaffiyar manhaja ko masu dogaro da ita, a kashe, ka kunna non-free-firmware kaɗai, ka girka ƙunshin famwayar katin da ya tilasta maka kawai, misali firmware-iwlwifi. In kana so mai girkawa ya tsallake famwaya gaba ɗaya, ƙara firmware=never a layin tayarwa. Ranar da ka samu katin Atheros, cire ƙunshin da umarnin apt purge, ka goge sashen daga /etc/apt/sources.list.