Tambaya da Amsa: Yara sun ƙirƙiro sitodin ces, ta ina alƙali zai fara?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni uku na zaɓo wannan karon kuma duk kan abu guda suke, wato sitodi, ƙagaggen ƙarshen wasan ces (chess, darar Turawa) da mutum ke jera 'yan kaya kaɗan bisa allo ya ce fari ne da tafiya, ya ci wasan ko ya yi kunnen doki.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare nan cikin Katsina wajajen Ƙofar Ƙaura, muna da ɗan kulob na ces da muke zama ranar Alhamis bayan an tashi, to sai na ce ma yaran kowa ya je ya ƙirƙiro sitodin kanshi za mu yi gasa, wallahi ban zaci za su ɗauki abun da zafi haka ba, sun kawo kuma yanzu ni ne alƙali ban san ta ina zan fara ba. Akwai wanda ya cika allo da kaya har da sarauniya biyu ana ta ciye-ciye, akwai wata yarinya ita kuma kaya biyar kacal ta sa. Wa ya kamata ya zo na ɗaya? (Malamin lissafi, Katsina)

AMSA: Malam sannu da aiki, Allah ya saka da alheri, ba ƙaramin abu ba ne yaro ya tashi daga buga wasa ya koma ƙirƙira. Kafin maganar na ɗaya ko na biyu, abun farko da zaka duba shi ne ko sitodin yana da lafiya. Lafiyar sitodi ita ce fari ya cimma abun da aka ce, duk yadda baƙi ya kare kanshi, kuma ta hanya guda tak. In akwai wata tafiyar farko daban da ita ma take kai wa ga ci wadda yaron bai gani ba, sitodin ya karye. In baƙi yana da wata kariya da take ɓata shirin, nan ma ya karye. Kamar gasar rubutacciyar waƙa ce, in kari ya karye ba a tsayawa yabon ma'ana sai an gyara.

Wannan aikin kada ka wahalar da kanka da shi, na kwamfuta ne. Duk jerin da kayan cikinshi ba su wuce bakwai ba har da sarakunan biyu, an riga an lissafe shi kaf, an adana sakamakon a rumbunan kwamfuta da ake kira tebur, tun 2012 aka gama teburin Lomonosov a Jami'ar Mosko, na Syzygy mai kaya bakwai kuma ya fito 2018, kuma kyauta zaka same shi a Lichess, shafin ces na intanet, ko da wayarka ce. Ka jera kayan a allon bincike, zai nuna maka kowace tafiya, wadda ke ci da wadda ke kunnen doki da wadda ke faɗuwa. Na yarinyar nan mai kaya biyar cikin minti kaɗan ka gama. Na mai sarauniya biyu sai dai Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin ces, ka bar shi ya ɗan jima yana lissafi, kar ka yarda da lambar farko da ya nuna, don akwai jerin da injin zai ce fari ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba alhali babu ƙofar shiga, kunnen doki ne.

Amma fa ba kowace hanya biyu ce ke kashe sitodi ba, kuma a nan ne sabbin alƙalai ke zaluntar yara. Ɗauki allo ka jera wannan, na Richard Réti ne na shekarar 1921: sarkin fari a h8, sojanshi a c6, sarkin baƙi a a6, sojanshi a h5, fari da tafiya ya yi kunnen doki. Kallon farko zaka ce fari ya gama yawo, sarkinshi ba zai kamo sojan baƙi ba, nashi sojan kuma yana bakin sarkin baƙi. Sai sarki ya tafi g7, baƙi ya tura h4, sarki f6. In baƙi ya zo b6 don ya cinye sojan sai sarki ya taka e5, a nan yana kallon wuri biyu lokaci guda, in an ci sojan c6 ya tafi f4 ya kamo na baƙi, in an tura h3 ya tafi d6 ya raka nashi sojan, sojojin biyu su zama sarauniya tare. To a wani reshe, in baƙi ya tura h3 tun sarki yana f6, fari zai iya zuwa e7 ko e6 duk ɗaya ne. Hanya biyu ke nan, amma babu wanda ya taɓa jefar da wannan sitodi saboda haka, don a reshen gefe take kuma ba ta taɓa zuciyar dabarar ba. In hanya biyun ta faɗo daidai kan tafiyar da ita ce abun alfaharin sitodin, wannan kam babban aibi ne.

Bayan lafiya sai abun da kwamfuta ba ta iya maka, kuma shi ne ainihin alƙalancin. Ka tambayi kanka, mi yaron nan yake son nuna mani? Akwai tafiyar da zata sa mai kallo ya ɗago kai daga allo? Sannan ka duba kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana aiki ko kuwa wasu 'yan rakiya ne, an ajiye su ne kawai don a cinye su ba su ko motsa ba. Yara suna son ciye-ciye da ceki a kan ceki, wato kai ma sarki hari, suna ganin yawan hayaniya shi ne gwaninta, alhali masu wannan fanni tun daga Alexey Troitsky har Genrikh Kasparyan sun fi girmama tafiyar shiru, wadda ba ceki ba ci amma ita ke yanke magana. Ka duba kuma ko baƙi yana faɗa da gaske. Sitodin da baƙi ke miƙa wuya kawai ba shi da daɗi, wanda baƙi ma ke da tashi dabarar har sai fari ya fi shi wayo shi ne mai daraja. Akwai kuma tarko, wato tafiyar da take kama da daidai amma baƙi yana da amsa guda da ke rusa ta, in yaro ya iya gina wannan da gangan to ka ƙara mashi maki sosai don ya fara fahimtar sana'ar.

Ba zan ce maka yarinyar ce ta ɗaya ba tunda ban ga aikin ba, ƙarancin kaya shi kaɗai ba nasara ba ne, kaya biyar da babu dabara ciki darasin littafi ne kawai. Amma in duka biyun suna da lafiya kuma nata yana da tafiya guda mai ban mamaki, ni ita zan ba. Wajen maki zaka iya aron tsarin kundin FIDE, littafin da ake tara fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren ces na duniya, alƙalai uku kowa ya ba da daga 0 zuwa 4, wanda ya haɗa 8 ya shiga kundin. Ka nemo mutum biyu da suka iya wasan su taya ka, ka cire sunayen yaran ka sa lamba, don ɗalibanka ne kuma zuciya tana da wanda take so. A gasannin duniya ana raba sakamako hawa uku, kyauta, sai ambaton girmamawa, sai yabo, kai ma ka yi haka don kada ya zama mutum ɗaya ne kawai ya ji sunanshi. Abun da na fi roƙonka shi ne ka rubuta ma kowane yaro layi uku ko huɗu, har wanda nashi ya karye, ka nuna mashi tafiyar da ta karya shi da lambar gidan, ka kuma faɗi abun da ya burge ka. Yaron da aka ce ma "bai yi ba" kawai ba zai sake kawowa ba.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Shekarata 16 ina Daura. Na yi sitodi na sarki da soja na tura wata gasa a intanet sai alƙalin ya ce wai an riga ni, wai dabarar Réti ce, ni kuma wallahi tallahi ban taɓa ganin nashi ba ni na zauna na gano abuna da kaina bayan sallar isha'i kullum, yanzu abokaina suna cewa kwafa na yi. Wannan adalci ne? (Ɗalibi, Daura)

AMSA: Lafiya lau ɗana, kuma na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Alƙalin bai ce ka yi sata ba, cewa ya yi an riga ka, kuma a wannan fanni wanda ya fara bugawa shi ke da dabarar ko da na biyun bai san da shi ba. Ƙa'idar tana da ciwo amma dole ce, in babu ita kowa sai ya juya tsohon aiki daga dama zuwa hagu ya ce nashi ne. Manya ma tana faɗa masu. Akwai wani ɗan ƙasar Holan, Harold van der Heijden, da ya tara sitodi fiye da 90,000 a rumbun kwamfuta guda, kuma alƙalai can suke dubawa kafin su ba da sakamako, to ka ga sarki da soja su kaɗai fili ne da aka daɗe ana nomawa, da wuya ka sami inda ba a taka ba.

Inda nake ganin alƙalin ya gaza, in dai haka ya tsaya, shi ne bai gaya maka girman abun da ka yi ba. Réti yana cikin manyan 'yan wasan duniya na zamaninshi, shi ne ya doke Capablanca, zakaran duniya na lokacin, a New York a 1924 bayan Capablanca ya yi shekara takwas ba a ci shi ba, kai kuma ka gano dabararshi kai kaɗai a Daura. Ka gaya ma abokanka haka. Sannan riga-riga iri biyu ce, akwai wadda aikin ya zo iri ɗaya sak, wannan ba kyauta, akwai kuma wadda dabarar tsohuwa ce amma ka ƙara mata wani abu, ka yi mata shimfiɗa mai kyau kafin a iso gare ta, ko ka haɗa ta da wata dabarar, ko ka sa ta faru sau biyu. Wannan ana karɓa, har ana rubuta "bayan Réti" a ƙarƙashin sunanka ba tare da wani abun kunya ba. Ka koma kan naka ka gwada ƙara doki ko bishof ka ga ko sarkin zai yi wannan tafiyar ta karkace don wani dalili sabo. Ka kuma riƙa duba tsofaffin fitowar mujallar EG wadda John Roycroft ya kafa a 1965, sitodi zalla take bugawa, da yawan kallo zaka san inda aka riga aka wuce. Ƙungiyar duniya ta masu ƙirƙirar ces, WFCC, tana da gasar matasa da take yi tun 2016, ka sa ido a kanta.

TAMBAYA: Malam don Allah ɗana ne ya zo gida ranshi ɓace, wai ƙanwarshi ta gano wata tafiya da ta ɓata mashi sitodin da ya yi, ya ce zai yaga takardar. Ni ban iya wasan ba, mi zan ce mashi? (Wata uwa, Sabuwar Unguwa)

AMSA: Hajiya ki karɓe takardar ki ɓoye tukuna. Sannan ki sa su biyun su jera wannan a gabanki: sarkin fari b6, sojanshi c6, sarkin baƙi a1, ruk ɗinshi d5. A 1895 wani mai filin ces a jaridar Glasgow, Barbier, ya buga kusan wannan jerin, sojan ya riga ya hau c7 kuma baƙi ne da tafiya, a matsayin kunnen doki. Soja ya hau c7, ruk yana ta ceki, sarkin fari yana saukowa b5, b4, b3 har c2, sai ruk ya koma d4 da wayo, don in soja ya zama sarauniya ruk zai ba da kanshi a c4 da ceki, in an cinye shi sarkin baƙi ba shi da gidan zuwa kuma ba a cikin ceki yake ba, wasa ya tashi canjaras. Sai wani limamin coci ɗan Sifen mai karanta filin, Fernando Saavedra, ya ce to in sojan ya zama ruk fa maimakon sarauniya? Yanzu fari yana barazanar gamawa a a8, dole baƙi ya tare a a4, sarki ya dawo b3 yana neman cin ruk kuma yana buɗe hanyar gamawa a c1, baƙi ba zai iya tare biyun ba. Tafiya guda ce ta rusa abun da Barbier ya buga, kuma har yau da sunan Saavedra ake kiran jerin.

Don haka ki ce ma yaron ya zauna da tafiyar ƙanwar tashi ya duba ta da kyau. Wani lokaci gyaran matsar da soja gida ɗaya ne kawai ko canza wurin sarki, wani lokaci kuma tafiyar da ta karya aikin ta fi ta asalin kyau sai a sake gina sitodin a kanta. In haka ta faru su sa sunansu su biyu a sama, ana yin sitodin haɗin gwiwa kuma gasa tana karɓa. Ita ƙanwar kuma a ba ta sauran ayyukan yayanta ta riƙa dubawa kafin ya tura ko'ina, in kayan ba su wuce bakwai ba su tabbatar a Lichess, in sun gyara ku aiko mani da jerin da amsar in saka a filin nan sauran masu karatu su gwada.