Ya ce waya ɗaya zai buga a mayar da ni gida

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina Ostiraliya da biza 820 (bizar aure ta wucin gadi), mijina ɗan ƙasar ne, shi ya tsaya min. Wata bakwai ke nan yana dukana, ya ɓoye fasfona. Kullum cewa yake in na kuskura na fita, waya ɗaya zai buga a soke min biza. Saura wata takwas a duba 801 ɗina (bizar zaman dindindin). In daure har lokacin?

Amsa: Wa alaikis salam. 'Yar'uwa, kada ki daure. Mijinki ba shi da ikon soke miki biza. Ba shi ya ba ki ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ta bayar, ita kaɗai ke sokewa. Iyakarsa ya rubuta musu cewa ya janye tsayawar da ya yi miki, kuma ko ya yi hakan, ba tasa ƙeyarki za a yi zuwa filin jirgi ba. Za su rubuto miki, su ba ki wa'adi ki faɗi naki.

Wallahi na gaji da jin wannan ƙarya. Mugayen maza suka ƙirƙiro ta, lauyoyin WhatsApp suka yaɗa, gwaggo kuma daga gida ta bugo waya ta ɗora da "ki yi haƙuri har takarda ta fito". Haƙurin me? Mace ta zauna ana jibgarta shekara biyu don tsoron abin da doka ta daɗe da toshewa! Dokokin shige da fice na 1994 suna da tanadi na musamman: idan aure ya mutu bayan cin zarafi daga wanda ya tsaya miki, za a iya ba ki 801 ba tare da shi ba, ba kuma sai kin jira cikar shekara biyun da aka saba jira kafin a duba ta ba. Cin zarafin ma bai tsaya ga duka ba. Barazana, tsoratarwa da danne kuɗi duk suna ciki, muddin sun sa ki tsoron lafiyarki ko rayuwarki. Barazanar da yake miki da biza ita kanta ki faɗa wa likita ya rubuta.

Abu biyu za su nema: auren na gaskiya ne kafin ya lalace, kuma cin zarafin ya faru kuna tare. Hujja kuwa, ko umarnin kotu da aka bayar bayan an ba shi damar kare kansa, ko rantsuwarki a rubuce haɗe da takardu aƙalla biyu daga irin su likita, 'yan sanda, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ko gidan da ke ba mata mafaka. In ba su gamsu ba, sai su tura ki wurin ƙwararre mai zaman kansa, abin da ya yanke kuma shi ma'aikatar ke bi. Kada ki bari wani ɗan ci-da-ceto ya ce ki ƙara gishiri. Bayanin ƙarya na jawo ƙin biza da haramcin shekara uku.

In kina cikin haɗari, kira 000, lambar gaggawa. Don shawara, kira layin taimakon waɗanda ake cin zarafinsu, 1800 737 732, ki ce a haɗa ki da tafinta. Nemi lauya ko wakilin shige da fice mai rajista kafin ki sanar da ma'aikatar rabuwar. Yau ɗin nan kuma ki buɗe ImmiAccount (asusun intanet na ma'aikatar don harkar biza) da imel naki na kanki, waɗanda bai san lambar sirrinsu ba, domin in wasiƙar ta faɗa hannunsa, wa'adin zai wuce ba ki sani ba.