Tambaya da Amsa: Yaya ake gane mai binciken maikro-RNA da aikinsa ya yi tasiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin digiri na uku, an ba ni sunan wani farfesa mai binciken maikro-RNA da cutar daji. Takardunsa sun haura ɗari, kuma ana yawan ambatonsa. Wannan ya isa in ce aikinsa mai nauyi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bai isa ba, musamman a wannan fanni.

Maikro-RNA ɗan guntun zare ne mai haruffan gado (tubalan da ake gina RNA da su) kusan 22. Yana manne wa saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa don ƙera furotin, sai ya rage ƙerawar ko ya sa a rushe saƙon. Haruffa na 2 zuwa na 8 su ne ginshiƙin mannewar. Da yake haruffan kaɗan ne, kwamfuta za ta nuna miki ɗaruruwan wuraren da zai iya kamawa, mafi yawansu hasashe ne kawai. Shi ya sa fitar da takarda mai cewa "maikro-RNA kaza na hana ciwon daji kaza" ba shi da wuya.

Alƙaluma na da amfaninsu. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005, idan ya kai 30 yana nufin takardu 30 ne aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Ki duba a Scopus, rumbun da ke ƙirga takardun bincike da ambatonsu, ki cire ambaton da ya yi wa kansa, ki ware takardun bita (masu taƙaita aikin wasu), domin su ke jan ambato ba tare da sabon gwaji ba. Amma ki tuna Victor Ambros da Gary Ruvkun sun wallafa aikinsu kan lin-4, maikro-RNA na farko da aka gano, a 1993, a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, aka ɗauka abin tsutsa ne kawai. Sai a 2000 da aka gano wani maikro-RNA mai suna let-7, aka kuma same shi har a jikin ɗan Adam, hankali ya dawo. Lambar Nobel ta zo musu a 2024.

Don haka ki zaɓi takardunsa uku na gwaji, ki karanta sashen yadda aka yi aikin. Idan ya ce maikro-RNA ɗin na kama wani saƙo, ya yi gwajin lusifares (wanda ke nuna mannewar ta hanyar raguwar haske), sannan ya sauya haruffan wurin mannewar ya nuna tasirin ya ɓace? In babu wannan, magana ce. Ki duba yawan kwaikwayon maikro-RNA (wanda aka haɗa a ɗakin gwaji) da ya zuba wa ƙwayoyin; idan ya zarce abin da jiki ke da shi nesa ba kusa ba, zai kama wuraren da ba ya kamawa a zahiri.

Binciken jini kuwa nan ne aka fi tuntuɓe. Kwalbar ɗibar jini da ke da hefarin (sinadarin hana jini daskarewa) na danne gwajin PCR da ake auna maikro-RNA da shi, mai sinadarin EDTA ake so. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe wajen ɗiba, maikro-RNA na cikinsu, irin su miR-451a da miR-16, za su cika samfurin, mai bincike ya zaci alamar cuta ce. Mai lura yakan auna fashewar, ya zuba cel-miR-39, wani maikro-RNA na tsutsa, don sanin abin da ya salwanta wajen tacewa, sannan ya maimaita gwajin a kan wani rukunin marasa lafiya dabam.

Abin da muka fi ba nauyi shi ne: wasu ɗakunan bincike sun maimaita sun samu daidai? A 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna miR-15 da miR-16 na ɓacewa daga yankin 13q14 na ƙwayoyin gado a wani nau'in sankarar jini, kuma wasu sun yi gini a kai. Ki kuma nemi sunansa a PubPeer da Retraction Watch, shafukan da ke bayyana takardu masu matsala da waɗanda aka janye, domin masu sayar da takardun bogi sun yi wa fannin nan yawa.

Tambaya: Malam, an fara magani da maikro-RNA?

Amsa: Ana kan gwaji, 'yar'uwa. An jarraba maganin miravirsen, mai toshe miR-122, don ciwon hanta nau'in C. An dakatar da gwajin maganin daji MRX34 a 2016 saboda mummunan martanin garkuwar jiki ga wasu marasa lafiya. Matsalar ita ce maikro-RNA ɗaya na taɓa saƙonni da yawa, kuma isar da shi gaɓar da ake nufi kaɗai yana da wuya.