Da wace na'ura zan fara idan ina son rage wutar da masana'anta ke sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne ke kula da wata ƙaramar masana'antar roba, da ginin ofis mai hawa uku da ke jikinta. Kuɗin wuta ya fara cinye mana riba. Wani dillali ya kawo mana takarda, ya ce mu canja komai da komai, fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki da duk injinan lantarki, mu sa sababbi masu tsimin wuta. Abin da ke hannunmu ba zai kai ko rabin kuɗin ba. Da wanne za mu fara, kuma da gaske kuɗin zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dillalin bai yi maka ƙarya ba, sai dai shi kaya yake sayarwa, kai kuma yunit kake biya. Saboda haka ka ajiye takardarsa tukuna, ka fara gano inda yunit ɗinka ke tafiya. Lissafin ba wuya: ƙarfin na'ura a kilowat, sau awannin da take yi a kunne. Ƙaramin inji mai kwana yana aiki ya fi ƙaton da ake tayarwa awa biyu a mako shan wuta nesa ba kusa ba. Ka sa mai gyaran wutarku ya zagaya da mitar da ake maƙalawa a jikin waya, ya auna kowane babban layi na tsawon mako guda, har da dare da ranar hutu. Awon daren nan shi ke ba mutane mamaki, domin sau da yawa a lokacin ake ganin abubuwan da ke ci ba tare da kowa ya ce su ci ba.

Tun kafin ka auna, zan iya ce maka injinan lantarki ne za su zo kan gaba, wato waɗanda ke juya famfo da fanka da kwampreso da injinan narka roba. Kusan rabin wutar lantarkin da duniya ke amfani da ita irin waɗannan injina ne ke shanye ta, a masana'antu kuwa abin ya haura haka. Ana yi musu daraja hawa-hawa gwargwadon tsimin wutarsu, daga IE1 zuwa sama, kuma Tarayyar Turai ta wajabta aƙalla IE3 ga yawancin sababbin injina masu layi uku tun watan Yulin 2021. To amma dubi abin da canjin ke kawowa. Inji mai kilowat 30 na ajin IE1 yana mayar da kusan kashi 90.7 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki, na ajin IE3 kuma kashi 93.6. Idan yana aiki awa 6,000 a shekara da cikakken lodi, bambancin bai wuce yunit 6,000 da 'yan kai ba, daga cikin kusan yunit 200,000. Riba ce, ban raina ta ba, amma ba ta kai a cire lafiyayyen inji a jefar ba. Ka jira ranar da ya ƙone, a ranar ne za ka zaɓi tsakanin sake masa naɗin waya da sayen sabo. Naɗin da aka yi da gaggawa, aka gasa ƙarfen ciki da wuta mai tsanani don a cire tsohuwar waya, yakan bar injin yana shan wuta fiye da da har ƙarshen rayuwarsa.

Inda kuɗin yake da gaske shi ne gudun injin. Je ka tsaya kusa da famfon ruwan sanyaya injina, ko babbar fankar da ke jan iska. Za ka tarar injin yana gudu iya ƙarfinsa, sannan an zo an matse bawul rabi domin ruwan ya yi yawa. Tamkar direba ne ya take totur har ƙasa, yana rage gudu da birki. Maganin wannan ita ce na'urar sarrafa gudu, wadda masu sana'a ke kira VFD. A fanka da famfo masu juya ruwa ko iska, wutar da ake sha tana faɗuwa da sauri fiye da gudun: ka rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar ta koma kusan rabi, domin 0.8 sau 0.8 sau 0.8 daidai yake da 0.512. A kan injin nan namu mai kilowat 30, hakan na iya kaiwa wajen yunit 90,000 a shekara. Ka kwatanta da 6,000 ɗin ɗazu, ka ga inda ya kamata kuɗinka ya fara zuwa.

Sai dai a yi hattara, don ba kowane inji take yi wa amfani ba. Wanda aikinsa ke buƙatar cikakken gudu kullum, sa masa ita asara ce, domin ita kanta tana cin kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Famfon da ke tura ruwa zuwa tanki a saman bene shi ma ribarsa ba ta kai haka ba, tunda akwai gudun da in aka gaza shi ruwan ba zai hau ba sam. Kuma na'urar ba ta shiri da ƙura da zafi; in aka kulle ta a akwatin da ba ya shan iska, ba za ta yi ƙarko ba.

Idan kuna da kwampreson iska, a nan zan so ka fara tun gobe, don kusan ba ya buƙatar kuɗi. Matsattsiyar iska tana cikin makamashi mafi tsada a masana'anta, saboda mafi yawan wutar da kwampreso ke sha zafi take zama. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa yoyo kan kwashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar a wurin da ba a kula da bututai. Ka shiga ranar da ba aiki, a kashe komai a bar kwampreso kaɗai. Za ka ji tsiii daga mahaɗar bututu, daga tsohon tiyo, daga bawul ɗin da aka ɗaure da roba. In kunne bai kama ba, a shafa ruwan sabulu, kumfa za ta tona asiri. Bayan an toshe, a sauke matsin iskar zuwa abin da injinan ke buƙata. Duk bar ɗaya (ma'aunin matsin iska) da aka rage yana sauke wutar da kimanin kashi 7 cikin 100.

Fitilu kuwa ba su da gardama. Dogon kwan fitila mai wat 36, idan aka haɗa da abin da cok ɗinsa (ɗan akwatin da ke daidaita masa wuta) ke ci, yakan kai wat 40 ko fiye, alhali na LED mai wat 18 zai ba da haske kusan daidai. Kwai 200 masu awa 3,000 a shekara sun ba ka yunit 13,000 da ɗoriya. Ga kuma raguwar zafin da na'urar sanyaya ɗaki za ta yi fama da shi.

A ginin ofis, sanyaya ɗaki ne babban mai ci. Masu inbata sun fi tsimi, domin kwampresonsu yana sassauta gudu maimakon ya riƙa kashewa yana tashi, amma kafin ka sayi ko ɗaya, a wanke matatar iska da ragar ƙarfen da ke waje, a gyara ƙofofin da ba sa rufuwa, a rage ranar da ke faɗowa ta gilashi. Sannan a daina sa na'ura a kan digiri 16. Ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwampreso hutawa kawai yake yi, ma'aikata kuma su koma sa rigar sanyi a ofis. Digiri 24 ya wadatar da yawancin mutane. Waɗanda za ka canja su ne tsofaffin da ke yini a kunne, ba na ɗakin taro da ake buɗewa sau ɗaya a mako ba.

Game da dawowar kuɗi, ka mayar wa dillalin takardarsa, ka ce ya rubuta gaban kowace na'ura yunit nawa za ta rage a shekara, da awannin aikin da ya yi lissafi da su. Ka gwada awanninsa da abin da mitarku ta nuna, ka ninka yunit ɗin da farashin da kuke biya, ka raba kuɗin na'urar da abin da ya fito. Wanda zai biya kansa cikin shekara biyu ko ƙasa da haka, a saye shi yanzu. Sauran a jera su a jira ranar da tsohon ya gaza, kuma a bar mita a kan layin duk abin da aka canja, domin wata mai zuwa ka ga ko alƙaluman sun cika.