Amsoshin Tambayoyinku: Keken Ɗinki Ko Ƙaramar Sakandare?

Tambaya: Malam, babbar 'yata ta gama firamare bana. Mahaifiyarta na so in saya mata keken ɗinki, wai ai bokon ya isa haka. Ni kuma ina tunanin in kai ta makarantar kuɗi. Aljihuna ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanne zan yi? Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya raya ta. A gaya wa Hajiya cewa yarinyar ba ta gama ba tukuna. Tun da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, wato na ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ilimin matakin farko a Najeriya shekara 9 ne: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, sannan a zana jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, a ajinta na uku. Dokar ta ce kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma tilas ne a kan iyaye su kai 'ya'yansu. Kyautar dai mun san irinta, sai ka ɗinka yunifom, ka biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA), wataran har da tsintsiya. Duk da haka bai kama ƙafar kuɗin makarantar kuɗi ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, gwada ta da kanka. Miƙa mata takardar da ke cikin kwalin magani ko rasit ɗin wutar lantarki ta karanta maka. Ce mata yadi biyar da rabi za a raba wa mutum biyu, nawa kowa zai samu. In ta yi inda-inda, to shekaru ukun nan ba na wasa ba ne, don ɗinkin ma da awo ake yinsa, da inci da lissafin kuɗin mutane.

Game da makarantar kuɗi, kada fentin bango da motar ɗaukar ɗalibai su ruɗe ka. Je ka da hantsi ba tare da sanarwa ba. Leƙa aji ka ga ko akwai malami a tsaye. Karɓi littafin ɗalibi ɗaya ka duba yaushe rabon da jan biro ya bi ta kansa. Tambayi ko malaman na da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. In ba ta fi ta gwamnatin unguwarku a waɗannan ba, ka bar kuɗinka a aljihu.

Ni dai da zan zaɓa maka: ta shiga ƙaramar sakandaren gwamnati, Asabar da Lahadi ta riƙa zuwa gidan mai ɗinki. Mai koyo da keken uwar ɗakinta take farawa. In hannunta ya faɗa, sai a yi maganar saya mata keken ɗinkin Butterfly na ƙafa.

Tambaya: Shekarata 41, ina sayar da kayan miya a gida. Na yi saukar Alƙur'ani amma ban yi boko ba. Ɗana ya ce in sayi babbar waya in koya a YouTube. Ko in nemi aji? Ina jin kunyar zama da yara. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, ki nemi aji, kuma ba da yara za ki zauna ba. Jiharku ce ta fara kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, zamanin Abubakar Rimi, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Kafin ita ma akwai ajin yaƙi da jahilci na shekarun 1950. Ki tambaya a sakatariyar ƙaramar hukumarku, za a nuna miki cibiyar mata mafi kusa. Ana farawa da karatu da rubutu da lissafi, a wuce mataki na gaba, mai himma har NECO ko WAEC takan zana daga waje.

Babbar waya tana da illa ɗaya ga mai koyo: saƙon murya. Da zarar kin iya danna shi, buƙatar rubutun ta kau. Ki sayi littafin rubutu da fensir, ki riƙe ƙaramar wayarki. Duk alat ɗin banki da ya shigo, ki yi ƙoƙarin karanta adadin da sunan mai turowa kafin ki kira ɗanki. Wadda ta sauke ta riga ta san haɗa baƙi da wasali, don haka za ki riga da yawa a ajin.

Tambaya: Makarantar ɗana ta ce dole a wurinta za mu sayi littattafai 14, shi kuwa aji biyu yake a firamare.

Amsa: Nemi jerin sunayen littattafan ka kai kasuwa a yi maka farashi. Fara da na lissafi da na Turanci da na karatun Hausa. Waɗanda ake cikewa a ciki sai sababbi, amma na karantawa ka tambayi iyayen 'yan aji uku ko za su sayar maka da nasu, in dai bugun bai canza ba.